Littafin da Ban Ɗinke Ba

Na ji ku sarai jiya, kada ku ɗauka kunnena ya mutu. Ina tsintar shinkafa a ƙofar ɗaki, kuna kan tabarma kowacce ta kafa ido a waya, sai Hafsatu ta ce wai Goggo ai ba ta yi wata sana'ar kirki ba, hayar littattafan soyayya ce kawai, ki miƙa littafi a miƙo miki kuɗi. Kuka kwashe da dariya. To, ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni, tunda ku a wurinku labari abu ne da ake latsawa ya fito. Ba ya yagewa, ɓera ba ya cinsa, ba wadda za ta tsoma shi a miyar kuka ta dawo miki da shi tana cewa yaro ne.

Littafin farko da na ɗinke da hannuna na lissafi ne na 'yan firamare. A shagon Madam Ngozi ne, wata 'yar ƙabilar Ibo da ta daɗe a Azare har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari, tana sayar da littattafan makaranta a bakin kasuwa. Lokacin na fita takabar maigidana, ina neman abin yi. Ta miƙo min littafin da ƙusa da ƙaramar guduma da basilla, ta ce in huda shi wuri uku a gindi. Na huda, ya karkace. Na ja zare da ƙarfi, takarda ta tsage. Ta karɓa ta duba, ta ce min littafi ba buhun gero ba ne, in warware in sake. Haka na yi ta warwarewa har yatsuna suka yi kanta. A wurinta na koyi cire ƙarfen nan da ake danne littafi da shi tun kafin ya yi tsatsa ya cinye takarda. A wurinta na koyi dama sitaci da ɗigon kananzir don kyankyaso, da yanka kwalin sabulu a yi bango, a naɗe da leda, a danne da dutsen niƙa har ya bushe. Ita ce kuma ta ce min mata suna ta tambayarta littattafan Hausa, ita ba ta san kansu ba, ni kuwa ba gidan da ba zan yi sallama in shiga ba.

Kwali na farko da direba ya sauko min da shi daga Kano, da na buɗe sai da na riƙe baki. Takarda ce mai araha, ki ɗaga ta a rana ki ga bayanta. A wani littafin shafuka goma a kife suke, a wani an maimaita babi guda, wani kuma tsakiyarsa fari fat. Idan kika ba mace irin wannan, ta kai inda zuciyarta ke dukan uku-uku ta tarar da farar takarda, ke za ta zaga, ba mai bugawa ba. Don haka duk littafin da zai shiga jakata sai na karanta shi tun daga bismilla har tammat. Ku da kuke cewa hutu ne, ku karanta labarin so guda arba'in a jere ku gani in ba za ku tsani kalmar ba.

Abin da ke ciki kuwa, Allah na tuba, wani lokacin har jifa nake yi da littafi. Yarinyar kullum fara ce, doguwa, gashi har gadon baya, hanci kamar biro. Duk wadda aka ce baƙa ce ko gajera, to ki shirya, ita ce muguwar. Saurayin bai taɓa noma ba, bai taɓa tura baro ba, daga ƙasar waje yake saukowa da maƙullin mota a hannu. Marubuciya za ta ɓata shafi huɗu tana lissafa kujerun falo da labule da kalolin abincin da aka jera, amma ta manta ta kashe kakar yarinyar a kashi na ɗaya, sai ga tsohuwa a na uku tana dama fura. Ga Turanci da ake barbaɗawa ba gaira ba dalili, wanda ita mai rubutun ma ba ta iya ba. Ga muguwar ɗabi'ar raba labari guda kashi uku, a tsaya daidai inda aka buɗe ƙofa, sannan na gaba ya ƙi fitowa wata da watanni, ni kuma mata su tsare ni kamar ni na ɓoye shi.

Amma kada in ji wata ta ce shirme ne zalla, don a nan ma sai mu ɓata. Akwai wata matar makanike a unguwarmu da aka cire daga aji uku na firamare. Da ta fara karɓa, da yatsa take bin layi tana motsa baki, littafi guda sai ya yi mako biyu a hannunta. Kafin shekara ta zagayo ita take karanta wa mijinta takardar asibiti. Ba malamin da ya yi mata wannan, son ta san ko za a yi auren ne. A cikin littattafan nan mace tana buɗe baki ta ce ba ta so, tana zuwa jami'a, tana tuƙa mota, namiji yana durƙusawa ya ba ta haƙuri. Matar da ta wuni tsakanin murhu da rijiya ba wanda ya ce mata sannu, ku ce kada ta so wannan? Ni na san abin da nake ɗauke da shi a ka, ba zuma ba ce zalla, ba kuma guba ba ce.

Jan zare kuwa ya samo asali ne daga ranar da wata Hajiya ta biyo ni har gida da littafi a hannu, ta buɗe wani shafi ta ce in karanta mata da ƙarfi in na isa. Ban isa ba. Daren amarci ne, marubuciyar ba ta tsaya a bakin ƙofa ba, ta bi su har ciki ta kunna fitila. 'Yar Hajiyar ce ta karɓa a wurina, yarinya 'yar aji uku na sakandare. Na ba da haƙuri, na dawo na zauna na yi tunani. Daga ranar duk littafin da ke da irin wannan wuri, biyu nake saye. Ɗaya in bar shi a buɗe, na matan aure. Ɗayan in haɗa shafukan nan in ɗinke bakinsu da jan zare, ƙananan ɗinki, yadda labari zai tafi ba tare da su ba, wannan na 'yan mata. Jakar bakko biyu nake fita da su, ba na haɗa su ko da wasa. Na sani sarai wasu 'yan matan jan zaren suke fara nema, ba jiya aka haife ni ba. Amma ɗinkina na san shi, duk wadda ta sa reza ta farke ta sake ɗinkewa ina gani zan gane, kuma ta gama karɓar littafi a hannuna. Doka ta biyu ita ce ban taɓa faɗa wa kowa abin da wata ta karɓa ba, ko mijinta, ko uwarta. Da wannan mata suka yarda da ni.

Cikin 'yan matan da nake ba littafi, ba wadda ta kai Zulai. 'Yar Chinade ce, ubanta manomi, aka kawo ta Azare gidan baffanta Alhaji Barde mai sayar da hatsi don ta yi sakandare. Siririya, baƙa, ga baki. Ta dawo min da littafi ta ce, Goggo, me ya sa duk garin nan na cikin littafi ba mai zuwa gona, to wa yake noma shinkafar da suke ta jerawa a tebur? Ta taɓa ce min idan aka bi ta marubutan nan ita muguwa ce tun daga haihuwa, tunda ba fara ba ce. Ba ta taɓa taɓa min jan zare ba, wai ta riga ta san ba abin da ke ciki sai ƙarin ƙarya. Duk da haka ba ta fasa karɓa, tana zagi tana karantawa, kamar ni. Nas ɗin asibiti take so ta zama, kuma kanta yana ja. Shekarar da zan ba ku labari tana ajin ƙarshe.

Matar baffan nata, Asabe, ita ma ina ba ta, daga jakar matan aure. Mace ce mai sanyi, 'ya'yanta uku ƙanana, ba ta da hayaniya, abu kaɗan a littafi ne zai sa ta kuka. Ta karɓi wani mai koren bango, labarin wata marainiya da aka yi wa ƙazafi aka kore ta daga gida, irin labarin da ya cika kasuwa lokacin. Ta gama na ɗaya, ta karɓi na biyu, wanda yake da wuraren da na ɗinke wa 'yan mata har uku. Na uku bai fito ba tukuna.

Ana cikin haka shekarar ta juya mana baya. Daga Kano aka taso wa littattafan nan, rediyo ta ɗauka, masu wa'azi suka ɗauka, kowa ya zama masanin abin da bai taɓa buɗewa ba. Kwali ya daina zuwa. Gidajen da nake shiga a shimfiɗa min tabarma, sai a tare ni a zaure a ce matar gidan ba ta nan, ina jin tarinta a ciki. Wani bawan Allah ya tattara littattafaina da ya samu a ɗakin matarsa ya cusa a murhu, aka tuƙa tuwon dare da su, da bangon da na yanka da hannuna. Ban ce duk abin da masu wa'azin suka faɗa ƙarya ne ba, ai ni na fara ɗinke shafi tun kafin su farka. Abin da ya ƙona min rai shi ne ba wanda ya tambayi wanne ne wanne.

Alhaji Barde mutum ne mai saurin hawa. Ya dawo daga wa'azi da zafinsa, ya tsaya a tsakar gida, maƙwabta suna ji ta kan katanga, ya ce wa Asabe duk ranar da ya ga irin littafin nan a hannunta, a bakin aurenta. Kun san nauyin wannan magana, ba a mayar da ita ciki. Da labari ya iso ni na aika mata ta wata maƙwabciyarta cewa ta fito min da koren littafin nan tun wuri. Ta ce saura kaɗan ta gama. Na sake aikawa, ta ce gobe.

Wata safiya ina dama sitaci sai ga Zulai, ba kayan makaranta a jikinta, ido ya kumbura. Ta ce Baffa ya ji an ce iyaye su riƙa duba akwatunan 'ya'yansu, ya buɗe nata, ya tarar da koren littafi a ƙarƙashin zannuwanta. Ya buɗe ya faɗa daidai ɗaya daga wuraren nan. Ya fita har ƙofar gida yana ɗaga shi yana faɗa, ya ce ba a gidansa ba, ta haɗa kayanta ta koma Chinade. Jarrabawar fita saura 'yan makonni. Na ce ke kika ɗauka? Ba ta buƙatar amsawa, na san wadda na ba.

"Me ya sa ba ki faɗa masa ba?"

"Goggo, in na faɗa, Anti ta tafi gidansu ke nan. Auta ko yaye shi ba a yi ba."

Na yafa mayafi na nufi gidan. Alhaji yana kasuwa. Asabe na ganina ta ja ni ɗaki ta rushe da kuka, ta riƙe ƙafata. Wai ta ji motsinsa ne ranar, ta rasa inda za ta sa, akwatin Zulai ne a kusa, ta yi niyyar ɗaukewa ta manta. Na ce to yanzu fa, ga yarinya za ta rasa karatun shekara shida. Ta ce in rufa mata asiri don Allah, ita ina za ta da yara uku. Na ce ba asirinki na zo tonawa ba, ki samu mijinki ku je wurin malami a duba maganar rantsuwar, ko akwai mafita. Ta ce ba za ta iya ba, ba ta san ta inda za ta fara ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, kuka kawai take yi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na jira Alhaji a zaure har ya dawo bayan la'asar. Muka gaisa sama-sama, ya ce daman yana nemana, ya zaro littafin daga aljihun babbar riga ya jefa gabana. Na ɗauka na buɗe tsakiya na miƙa masa, na ce ya duba ko ya ga jan zare. Ya ce wane irin zare. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, jaka biyu, kwafi biyu, yadda nake ɗinkewa. Na ce ya duba bakin takardar, ko hudar allura babu.

"Alhaji, ni ba na faɗar sunan kowa. Amma wannan littafin ban taɓa ba budurwa shi ba. Na matan aure ne."

Matar aure ɗaya ce tal a gidan. Na ga idonsa ya tafi ƙofar cikin gida ya dawo, ya rufe littafin a hankali, ya ɗora hannu a kai.

"Hajiya, a akwatin wa aka same shi?"

"A na Zulai."

"To, abin da idona ya gani ke nan. Ban tambayi kowa komai ba, ke ma kada ki gaya min abin da ban tambaye ki ba."

A nan na gane ya fahimta sarai, wataƙila ma tun kafin in zo. Na sauke murya na ce na ji, ba sai an tono komai ba, ya bar yarinyar ta zauna ta rubuta jarrabawarta kawai, in ta gama ta tafi. Ya ce duk unguwa ta ji rantsuwarsa, duk unguwa ta gan shi da littafi a ƙofar gida. Idan ya bar Zulai kamar ba ta yi komai ba, gobe a masallaci za a fara tambayar to na wane ne. Ya ce littafi dai dole yana da mai shi. Na ce Alhaji ka ji tsoron Allah, 'yar ƙaninka ce. Ya miƙe ya ce lokacin salla ya gabato.

Kashegari aka ɗora akwatinta a bayan ɗan acaɓa.

Ban haƙura ba. Na bar jakunkunana na hau acaɓa ni ma har Chinade, ƙugu na ciwo. Na tarar da Zulai tana surfe, ta saki taɓarya ta kawo min ruwa. Ubanta mutumin kirki ne, ya saurare ni har na gama, kansa a ƙasa. Ya ce Yaya ne ya ciyar da ita shekara da shekaru bai taɓa gori ba, yau ba zai buɗe baki ya ƙaryata shi a kan littafi ba. Na ce to a ba ni ita, ta zauna a ɗakina har ta gama, ko tsinke ba na so. Ya ɗago ya dube ni, ba da faɗa ba, ya ce, a gidan mai littattafan? Zulai ta raka ni bakin hanya, ta ce in gaida Madam Ngozi, ta ce kuma kada in ƙara zuwa, kuɗin acaɓa yana da yawa.

Bayan 'yan makonni aka yi suna a unguwarsu Alhaji, gidan da ba yadda zan yi in ƙi zuwa. Daidai lokacin direba ya samo min 'yan littattafai a ɓoye cikin buhun kaya, har da na uku na koren nan, na kuwa karanta shi kamar yadda na saba. Ina zaune cikin mata sai na ji an taɓa kafaɗata. Asabe ce, da goyo. Ta ja ni bayan rumfa, ta waiga hagu da dama. Na ce a raina Allah ya sa ta yi magana da mijinta ne.

"Goggo, an ce na uku ya zo. Ba karɓa zan yi ba, ki dai gaya min. An wanke yarinyar nan? Wallahi tunda na ajiye littafin take raina, baiwar Allah ba ta ji ba ba ta gani ba."

Hawaye ne a idonta, na gaske, ba na munafunci ba. Wannan ne ya fi ba ni haushi. Na tsaya ina kallonta, na ce ko in na faɗa mata yadda aka ƙare wani abu zai motsa.

"An wanke ta. Matar da ta jawo mata abin ce ta kasa barci, ta tashi gaban mutane ta ce ni ce, ba ita ba."

Ta dafe ƙirji ta sauke ajiyar zuciya, ta goge ido da bakin mayafi.

"Alhamdu lillahi. Har na ji sanyi a raina."

Ta gyara goyonta ta koma cikin mata, ana rabon waina. A makon nan ne 'yan ajin su Zulai suka gama jarrabawa.